Darasin Orangi: Yadda talakawan Karachi suka gina magudanan unguwarsu da kuɗin aljihunsu

Duk shekara idan damina ta kankama, labaran da ke cika jaridu da gidajen rediyo a manyan garuruwanmu kusan iri ɗaya ne: kwata ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, masai ya cika ya haɗu da rijiya, amai da gudawa ya ɓarke a unguwa kaza. Daga nan sai a ji mazauna unguwar suna kira ga gwamnati da ta kawo musu ɗauki. Wani lokaci a turo motar kwasar shara da tawagar masu ɗaukar hoto, wani lokaci ko waiwaye ba a yi. Da kaka ta yi sai maganar ta mutu, sai kuma baɗi. A shekarar 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa sun nuna mutum fiye da 100,000 ake kyautata zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A wannan mako ina so in kai mai karatu wata unguwa da ke birnin Karachi na ƙasar Pakistan, inda talakawa suka fuskanci irin wannan matsala, ko ma wadda ta fi ta muni, suka kuma yi maganin mafi yawanta da hannunsu, tare da wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Sunan unguwar Orangi, ƙungiyar kuwa ana kiran ta Orangi Pilot Project, wato Shirin Gwaji na Orangi. Duk mai nazarin raya birane ya san labarinta, amma ina ganin bai kamata ya tsaya a ajin jami'a ba, domin masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin taimakon kai da kai sun fi ɗalibai buƙatar jin sa.

Orangi tana arewa maso yammacin Karachi. Mutane sun fara zama a cikinta tun shekarun 1960, sannan ta cika ta batse bayan yaƙin 1971 da ya haifar da ƙasar Bangaladesh, lokacin da dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Karachi. Mafi yawan filayenta ba hukuma ce ta yanka su ba. Dillalai ne suka yayyanka ƙasar gwamnati suka sayar wa marasa ƙarfi, kwatankwacin abin da muke kira awon igiya. Kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce mazaunanta sun haura miliyan ɗaya. Da yake hukuma ba ta ɗauke ta halastacciyar unguwa ba, ba ta shimfiɗa mata bututun ƙazanta ba. Wasu gidaje da bokiti suke amfani, a riƙa kwashewa bayan 'yan kwanaki, wasu su haƙa rami, wasu kuma su saki komai a tsakiyar layi. Yara suna wasa a cikin ƙazanta, zazzaɓin taifod da gudawa da maleriya suna cinye ɗan abin da magidanci ya samo, danshi kuma yana cin gindin gine-gine.

Mutumin da ya kafa shirin a shekarar 1980 shi ne Dokta Akhtar Hameed Khan. An haife shi a Agra ta ƙasar Indiya a 1914, ya kuma shiga sahun manyan ma'aikatan mulkin Turawan Ingila a Indiya, aikin da kowane ɗan boko na zamanin yake mafarki. Bayan ya ga yadda hukuma ta tafiyar da al'amarin yunwar da ta halaka jama'a a yankin Bengal a 1943, sai ya ajiye aikin a 1945, ya koma wani ƙauye kusa da Aligarh yana leburanci da gyaran kwado da makulli, don ya san rayuwar talaka daga ciki. Daga baya ya jagoranci cibiyar raya karkara ta Comilla, wadda ta yi suna a duniya. Yana da shekara 65 da 'yan watanni ya shigo Orangi, da ɗan tallafi daga gidauniyar bankin BCCI.

Abin da ya fara yi shi ne yawo. Watanni ya shafe yana bin layi-layi, yana zama a shagunan shayi, yana sauraron magina da dillalai da kansiloli da matan gida. Ya tarar mutanen da ake kira matalauta sun gina gidajensu da kansu, sun kafa makarantu da ƙananan asibitoci da masana'antu ba tare da sisin gwamnati ba. Sai ya tambayi kansa: wanda ya iya gina gida, me ya hana shi gina magudanar ƙofar gidansa? Amsar da ya samu ta kasu huɗu. Da farko mutane sun yi imani cewa wannan aikin gwamnati ne, kuma 'yan siyasa suna ta yi musu alkawarin za a yi kyauta. Na biyu, kuɗin aikin bisa farashin 'yan kwangila ya fi ƙarfinsu. Na uku, ba su da ilimin awon gangara da shimfiɗa bututu. Na huɗu, ba su da wani tsari da zai haɗa su su yi aiki tare, ga kuma rashin yarda da juna a kan kuɗi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shingaye sai da aka nemo masa magani. Ta fuskar tsada, ma'aikatan shirin tare da masanin zanen gine-gine Arif Hasan sun zauna sun warware farashin gwamnati dalla-dalla, suka ga mafi yawansa ribar ɗan kwangila ce da cin hanci da kuma ƙa'idojin gini da aka kwafo daga Turai waɗanda ba su dace da lungun talaka ba. Layin da babbar mota ba ta shiga ba ya buƙatar a binne bututu da zurfi ƙwarai. Ramukan duba bututu kuma ana iya zuba su da kankare nan take, ta amfani da allunan ƙarfe da za a cire a kai wani layin. An kuma ƙirƙiro ɗan ƙaramin rami mai murfi tsakanin masai da bututun layi, wanda ke tare daskararriyar ƙazanta da tarkace don kada bututu ya toshe. Da aka cire ɗan kwangila, mutane suka yi haƙa da kansu, sai kuɗin masai na cikin gida da rabon gida a bututun layi ya dawo kimanin rupi 1,000 a wancan lokaci, alhali hukuma kan kashe ninki biyar ko fiye a kan irin wannan aiki.

Ta fuskar tsari kuwa, hikimar da ta fi burge ni ita ce zaɓen layi a matsayin tushen aiki. Ba a ce a tara Orangi gaba ɗaya a kafa babbar ƙungiya mai shugaba da ma'aji da sakatare ba. Layi guda gidaje 20 zuwa 40 ne, kowa ya san kowa, an san mai gaskiya an san mai ha'inci. Mutanen layi su ne za su taru su amince, su zaɓi wakili daga cikinsu, shi zai rubuta wa ƙungiya takardar neman taimako. Ƙungiya ta turo masu awo su zana taswira, su fitar da lissafin bututu da siminti da yashi da ladan magini, su ba da aron kayan aiki, su kuma sa ido a kan ingancin aikin. Wakilin layi shi ke karɓar kuɗi, shi ke saye, shi ke ba da bayani ga maƙwabtansa. Ƙungiya ba ta taɓa kuɗin jama'a ko kaɗan, ba ta kuma ba su ko kwabo na gini. A wurare da yawa mata ne suka matsa wa mazajensu, har wasu suka zama masu tara kuɗin, domin su ne ke jinyar yara idan cuta ta zo.

Farkon al'amarin ya yi nauyi, an daɗe kafin layi na farko ya yarda. Amma da mutanen layin gaba suka ga na maƙwabtansu ya bushe, yara suna wasa a ƙasa mai tsabta, ana iya shimfiɗa tabarmar biki a ƙofar gida, sai takardun neman awo suka riƙa zuwa da kansu. Gani ya kori ji. A cikin shekarun 1980 an raba wani yanki na Orangi aka ba wani shiri da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara bisa hanyar da aka saba. Bayan shekaru da kashe maƙudan kuɗi, layukan da wancan shiri ya kammala ba su kai 50 ba, yayin da na mutanen gari suka kai dubbai. Zuwa shekarun 2000, gidaje kusan 100,000, wato fiye da kashi 90 cikin 100 na gidajen Orangi, sun mallaki masai na zamani da ke haɗe da bututun ƙarƙashin ƙasa, da kuɗin masu gidajen. Wani bincike a wani sashe na unguwar ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kusan 130 cikin kowane 1,000 a 1982 zuwa ƙasa da 40 a 1991. Magudana ba ita kaɗai ta kawo wannan ba, akwai rigakafi da wayar da kan mata da shirin ya haɗa da su, amma babu mai musun rawar da ta taka.

A nan ne nake so mai karatu ya lura sosai, domin akwai masu ɗaukar labarin Orangi su mayar da shi hujjar cewa talaka ya ji da kansa, gwamnati ta huta. Shirin bai taɓa faɗin haka ba. Ya raba aikin gida biyu. Akwai na ciki, wato masai na gida da bututun layi da ɗan matsakaicin bututun da ke tattara na layuka, wannan jama'a za su iya ginawa su kuma kula da shi. Akwai na waje, wato manyan bututu da matatun ruwan ƙazanta, wannan kuwa sai gwamnati. Kuma a nan ne raunin Orangi ya daɗe yana bayyana: shekaru da yawa ƙazantar da ta bar layuka tana zuba ne a cikin kwazazzaban ruwan sama, daga can ta gangara teku ba tare da an tace ta ba, saboda hukuma ba ta yi nata rabon da wuri ba. Jama'a sun tsabtace ƙofar gidajensu, amma matsalar birni ba ta ƙare ba.

Abin da ya ba ƙungiyar ƙarfin tunkarar hukuma shi ne taswira. Ta horar da matasan unguwa, waɗanda yawancinsu ba su wuce sakandare ba, suka riƙa auna layuka da kwazazzabai suna rubuta abin da ke ƙasa. A hankali sai ya zama ƙungiyar ta fi hukumar ruwa da magudanai ta Karachi sanin inda ƙazantar birnin ke bi. Da aka zo da wani shiri na kusan dala miliyan 100 don yankin Korangi, wanda Bankin Raya Asiya zai ba da rancen dala miliyan 70 daga ciki, ƙungiyar da abokan aikinta suka nuna da taswira cewa shirin ya yi watsi da magudanan da jama'a suka riga suka gina, kuma ana iya yin aikin da kuɗi kaɗan ta hanyar gyara kwazazzaban da ake da su a rufe su. A 1999 gwamnan lardin Sindh ya soke karɓar rancen. A 2006 kuma manufar tsabtar muhalli ta ƙasar Pakistan ta amince da wannan tsari na raba aiki tsakanin jama'a da gwamnati. An kwaikwayi tsarin a garuruwa irin su Faisalabad da Lodhran.

Sai dai ilimi irin wannan yana da abokan gaba. Perween Rahman, masaniyar zanen gine-gine da ta shiga shirin tun tana matashiya a farkon shekarun 1980, ta kuma zama shugabar sashen bincike da horarwa, ta faɗaɗa aikin taswira zuwa tsofaffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, don mazaunansu su sami takardun mallaka kafin 'yan kama-wuri-zauna su ƙwace. Ta kuma tattara bayanai a kan masu satar ruwan famfo daga manyan bututu suna sayar wa jama'a a tanka. Ranar 13 ga Maris, 2013, 'yan bindiga suka harbe ta a hanyarta ta komawa gida daga ofis. Wata kotu ta ɗaure wasu mutane a kan kisan a 2021, babbar kotun Sindh kuma ta sallame su a 2022. Shi kuwa Dokta Khan ya riga ya rasu tun 1999. Duk wanda ke tunanin raya unguwa aikin share kwata ne kawai, ya tuna cewa a bayan kowace ƙazanta da kowane ƙarancin ruwa akwai mai cin riba.

To, mu ina ruwanmu? Ba ina cewa a kwaso bututun Orangi a binne a Kurna ko Rigasa ba. Bututun ƙazanta yana buƙatar ruwan da zai kora shi, kuma unguwannin da 'yan garuwa ke shayar da su ba lalle su iya ba. Orangi tana kan tudu mai gangara, wasu unguwanninmu kuwa a fadama suke ko a kan kududdufan da aka cike. Haka nan mutanen Orangi yawancinsu masu gidajen ne, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta fara ba irin waɗannan unguwanni tabbacin za a halasta su. Ɗan haya ba zai zuba kuɗinsa a ƙasar wani ba, wanda kuma ke kwana da fargabar rusau ba zai sayi siminti don layi ba. Abin koyi shi ne hanyar, ita kuwa tana aiki ko a kan lambatu, ko kwalbati, ko kwasar shara, ko rijiyar burtsatse.

Mu ma ba baƙin aikin gayya ba ne. A birnin Kano da sauran garuruwa akwai ƙungiyoyin taimakon kai da kai da suka daɗe suna yashe magudanai da gyaran maƙabartu, ga kuma tsabtar muhalli ta ƙarshen wata. Matsalar ita ce ƙarfi ake zubawa ba tare da awo ba. Matasa su fito da shebur su yashe kwata, su tara dagwalo a bakinta, ruwan farko ya mayar da shi ciki. Layi guda ya yi karo-karo ya gina lambatu, amma da yake ba a auna gangara ba, sai ruwan ya kwanta, ko ya faɗa gidajen layin ƙasa, rigima ta tashi har gaban mai unguwa. A ɗaya ɓangaren kuma ga ƙungiyoyi masu rajista da ofis da mota, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga mai ba da tallafi daga waje. Shirinsu na shekara biyu ko uku ne, taro a otal ya fi aiki a lungu yawa, kuma ranar da tallafi ya yanke allon suna kaɗai ke saura. Masu ƙarfi ba su da ilimin aikin, masu ilimin kuma ba su zauna da masu ƙarfin ba.

Wannan giɓi mu malaman jami'a da na kwalejojin fasaha muna da hannu a cike shi. Kowace shekara ɗalibanmu na injiniyanci da safiyo da labarin ƙasa da tsara birane suna rubuta kundayen kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta, ƙura ta rufe su. Me zai hana kowane sashe ya ɗauki unguwa guda, ɗalibai su auna layukanta, su zana inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, su fitar da lissafin siminti da bulo na kowane layi a takarda guda da Hausa, su miƙa wa mai unguwa da mutanen layin? Wayar hannu da hotunan tauraron ɗan Adam sun sauƙaƙa abin da matasan Orangi suka yi da igiyar awo da fensir. Attajiran unguwa da ke son taimakawa, maimakon su raba kuɗi, su ɗauki nauyin albashin mai awo guda da magini guda da kayan aikin da za a riƙa ba da aro. Kuɗin gini kuwa ya fito daga masu layin, ya kuma zauna a hannun wanda suka zaɓa, domin abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya bari a zuba masa shara.

Sannan a tunkari hukuma da takarda a hannu. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da magudanai da kula da su, da kuma kwasar shara da ƙazanta. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ko ba a yi ba, haƙƙin yana nan a wuyansu. Akwai bambanci tsakanin jama'ar da suka je wurin shugaban ƙaramar hukuma suna kuka a taimaka musu, da waɗanda suka je da taswira suka ce mun gina lambatun layuka 30 da kuɗinmu, ga babbar magudana mai tsawon mita kaza da ta rage, ga kuɗinta, ga inda za ta zuba. Na farko za a ba su haƙuri. Na biyu kuwa da wuya a kore su, musamman idan zaɓe ya ƙarato.

Akwai mai cewa talakan da ke fama da abin da zai ci a wannan tsadar rayuwa ba shi da rarar da zai sa a kwata. Maganar tana da nauyi, kuma dole kowane layi ya san yadda zai ɗauke wa gwauruwa da marayu da gajiyayyu nasu rabon. Amma a lissafa abin da magidanci ke kashewa a kemis kowace damina a kan maleriya da taifod, da kwanakin da ya rasa bai fita nema ba, da katangar da ke faɗuwa a sake ta. Talaka yana biyan kuɗin rashin magudana tun tuni, sai dai a hannun mai magani yake biya.

Orangi ba ta zama aljannar duniya ba. Har yau tana fama da ƙarancin ruwan sha da cunkoso da talauci. Abin da ta tabbatar shi ne unguwar da hukuma ta manta da ita tana iya tara kuɗinta, ta gina abin da ya fi ƙarfin gida guda, ta kuma tilasta a saurare ta, in dai ta sami masu ilimin da za su zauna da ita shekara da shekaru ba tare da sun karɓe mata ragama ba. Ina kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin matasa da ƙungiyoyin mata da su fara da layi guda tun rani bai wuce ba, abokan aikina malamai kuma mu fito da ɗalibanmu su auna musu. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.